Juzu'i na Bakwai

An kama Malam Abdul-Hakim ranar Talata a gidan yayarsa, Hajiya Karimatu, da ke unguwar Lewisham, bisa laifin satar littafi guda.

Littafin na mijinta ne, Dakta Zailani, likitan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tara tsofaffin littattafan wasan kwaikwayon Faransa na ƙarni na sha tara. Saiti ne mai juzu'i goma, bangon fata. Na bakwai ya ɓace, saitin da ya yi giɓi kuwa darajarsa ta zube.

Sufeto Kachollom aka ba wa binciken don tana jin Hausa. Jin Hausar bai hana a shara mata ƙarya ba.

"Ranki ya daɗe, ban taɓa shiga ɗakin nan ba," in ji Angelina mai aikin gidan.

Sufeto ta shafa kantar littattafan, ko ƙura babu. "To aljanu ke gogewa?"

"Ina gogewa dai, amma ba na taɓa littafi."

Hajiya Karimatu ta ce ba wanda ya zo gidan. Da aka matsa, ta ce sai ƙanenta, mai koyar da Larabci a Thamesmead, shi kuwa ai ba baƙo ba ne.

Sufeto ta yi tsaki, ta kira Dakta. Ya dubi kantar, ya ɓata rai.

"Ba haka nake jera su ba. Wa ya mayar da na ɗaya hannun dama?"

Wani ya sauke su duka kenan, ya sake jerawa don ya toshe giɓin.

Sufeto ta sa aka kira Abdul-Hakim. Da ya iso, ya tarar da littattafan zube a kan tebur.

"Malam, taimaka ka mayar mini da su," in ji Sufeto.

Ya ɗauki na ɗaya ya kafa a dama, na biyu a hagunsa, yadda ake jera littattafan Larabci. Yana ɗaukar na uku hannunsa ya tsaya.

"Yaya, ki yafe mini," ya ce. "Wani dillali a Aldwych ya ce zai saya. Barci ya ɗauke ni a bas, na sauka na bar jakar da littafin ke ciki."

Aka sa masa ankwa aka fita da shi.

Ofishin ajiyar kayan tsintuwa na kamfanin bas ya ce ba a kawo jaka ba. Dillalin kuma har yau wayarsa a kashe take.