Akwatin da Ya Haɗiye Maganar Mijina

Gab da magariba surukata ta ce in fita in kwashe shanya, hadari ya haɗo ta wajen teku. Na fita. Iska na kawo warin busasshen kifi da na baƙin mai, irin warin da mu mutanen garin Batiyari ba ma ji sai in ruwa zai sauka. Can bakin teku ana ta dukan ƙarfe, masu yanka tsofaffin jiragen ruwa suna saurin su tashi.

A gindin kwakwa na ga akwatin. Ɗan ƙarami ne, bai fi tiren shayi ba, launin toka, an zagaye shi da gishiri. Maigidana ne ya sayo shi da safe wurin masu sayar da kayan jirgi. Gyaran kwamfuta yake yi, a ɗakin da ke bakin ƙofarmu. A garinmu kayan jirgi ba ya shiga ɗaki ranar da aka sayo shi. Sai ya kwana a waje, don abin da ya biyo shi daga teku ya sami hanyar komawa.

Yayyafi ya soma. Na san ruwa na kashe irin waɗannan kaya. Na naɗe shi cikin zanen da na kwaso, na kai shi kan teburin aiki. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma da ɗumi, kamar kaza.

Surukata ta dube ni, ta dubi zanen. Da ɗanta ya dawo daga masallaci ta tare shi.

"Absar, matarka ta shigo da shi."

Ya yi dariya. Ya ce gishiri ai shi ya cinye wa akwatin ciki tun a teku, in akwai aljani a ciki ma ya daɗe da yin tsatsa. Shi haka yake. Daga tashinsa har ya kwanta bakinsa ba ya hutawa, yana tsokanar mai kifi, yana kwaikwayon liman, yana waƙa in yana aiki. Ni kuwa ko gaisuwa sai an kasa kunne. Yakan ce Allah ya raba mana magana ne, ya ba shi tasa da tawa.

Washegari na kai masa shayi, ya ce in tsaya in riƙe masa fitila. Ya kwance akwatin. Ciki ya yi kore-kore, yana warin ruwan teku. Akwai wasu baƙaƙen abubuwa jere, masu ƙafafu kamar kyankyasai. Ya ciro su ɗaya-ɗaya, ya goge ƙafafun, ya mayar. Ya canza wani ɗan gwangwani da ya kumbura. Ƙaurin dalma ya cika ɗakin. Ya ce sunan abin bafa, kuma wani mai buga takardun kotu ne yake so.

"Kin ga kwamfuta, ni ce, surutu. Firinta ke ce, sai a hankali. Shi wannan yana zama tsakani. Ya haɗiye magana gaba ɗaya, ya riƙa fito da ita kaɗan-kaɗan. In ya cika, sai wata ta fita kafin wata ta shiga."

Na nuna wani jan maɓalli da ido. Ya ce kar in kuskura, wannan yana goge duk abin da ke ciki, kuma abin da ya goge ba ya dawowa.

Ya haɗa faffaɗan wayoyin, ɗaya ga kwamfuta, ɗaya ga firinta. Ya tura wasu ƙananan makunnai da bakin allura. Koriyar fitila ta kama. Firinta ta soma kukanta, ƙii, ƙii, takarda na fita. Ya tafa hannu, ya buɗe baki zai ce wani abu.

Na ga leɓensa ya motsa. Sai bayan ya rufe baki na ji maganar.

Shi ma ya ji. Ya yi gyaran murya, ya ce mura ce.

Kwana ya bi kwana, ratar na ƙaruwa. Zai ce a miƙo masa ruwa, sai ya gaji ya ɗauko da kansa sannan muryar ta iso. Kuma ba daga bakinsa take fitowa ba. In muna cin shinkafa a tsakar gida, daga ɗakin aiki muke jin ta. Likita ya duba maƙogwaronsa ya ce lafiya lau. Surukata ta karɓo masa ruwan addu'a, ta ce a ɗauki akwatin a jefa a teku. Ya hana. Da hannu ya nuna mata cewa maganarsa na ciki, a bar shi a kunne, a jira ta gama fita. Daga nan muryar ta daina isowa sam. Gidan ya yi tsit, har nakan ji ƙarar cokali a kofinsa.

Ba wanda ya ce mini laifina ne. Da an faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Wata ranar Alhamis surukata ta tafi asibiti duba ƙanwarta. Da yamma na shiga ɗakin aiki da shayi. Yana zaune gaban akwatin, ya rame, ya zuba wa koriyar fitilar ido. Aka soma kiran sallar magariba. Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya. Kwamfuta ta mutu. Fitilar akwatin ba ta mutu ba.

Warin teku ya taso, mai kauri, kamar an buɗe cikin jirgi. Ƙasan ɗakin ya yi sanyi a tafin ƙafata. Na ji ɗigar ruwa ƙarƙashin tebur, alhali ba a yi ruwa ba.

Firinta ta motsa. Babu wuta, babu takarda. Kanta ya tafi dama, ya dawo hagu, a hankali.

Sai muryarsa ta fito daga akwatin, ƙasa-ƙasa.

"Jorna."

Bai taɓa kiran sunana ba, ko a ɗakinmu. Sai dai ya ce ke, ko kina ji.

Na dube shi. Bakinsa a rufe.

"Jorna. Yi magana mana."

Kofin ya suɓuce mini. Na ce innalillahi. Na san na faɗa, na ji harshena ya taɓa haƙorana. Amma ba abin da ya fito.

A lokacin ne maigidana ya yi tari, ya ce, "Ruwa." Da bakinsa. Kalmarsa ta farko a cikin kwanaki.

Ya zaro ido. Ya kama wuyan hannuna. Ya gane, ni ma na gane. Akwatin ya cika. In tawa ta shiga, tasa za ta fita.

Ya girgiza mini kai, wai kar in ƙara. Amma na ƙara. Na kira sunan Allah, sunan ya shige akwatin, shi kuma ya ce, "Umma." Na soma Fatiha, ba sauti, shi kuma guntayen maganganu na zubo masa, tsokanar mai kifi, rabin waƙa. Hawaye na bin fuskarsa.

Sannan na ji tawa muryar. Daga cikin akwatin.

Tana dariya.

Ban taɓa yin irin wannan dariya ba. Wani abu yana gwada ta, kamar yadda ake gwada riga. Ya ɗaga ta, ya sauke. Ya ce, da muryata, "Mai laushi ce. Wannan nake so."

Wani sanyi ya kewaye maƙogwarona, jiƙaƙƙe, kamar yatsu. Yana ja.

Ban san saura nawa nasa ba. Wataƙila kaɗan ne. Wataƙila da na daure na tsawon numfashi ɗaya ko biyu, da komai ya dawo masa.

Na ga jan maɓallin a hasken koriyar fitila.

Ya ga inda nake dubawa. Bai riƙe ni ba. Sakin hannuna ya yi.

Na danna.

Fitilar ta mutu. Wani abu ya faɗi ƙasa, fal, kamar jiƙaƙƙen buhu, ya ja jiki ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Na fasa ƙara, kuma na ji ta da kunnena. Maƙwabta suka shigo da fitilun ƙwai, suka same mu zaune cikin ruwan gishiri.

Da safe surukata ta sa aka kai akwatin teku.

Ni abin da na rasa bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa abin da ya dawo masa a magaribar nan shi ke nan abin da yake da shi. Ruwa, Umma, ƴan kalmomi, rabin waƙa da ba ya iya ƙarasawa. Sababbi ba sa zama a bakinsa. Hannunsa na nan yadda yake, har yanzu ana kawo masa gyara daga birnin Chittagong. Amma dole wani ya yi magana da masu kaya. Ni ce nake tsayawa a bakin ƙofa, in ji matsalarsu, in faɗa musu ranar dawowa, in yi gardama da masu taurin kai. Sukan ce masa ya yi dace da mata mai baki. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Na sha tambayarsa, in mu biyu ne, ko da gangan ya sake ni, ko ƙarfinsa ne ya ƙare. Yakan buɗe baki, ya daɗe yana lalube cikin ɗan abin da ya rage masa. Babu amsar a ciki.