Ruwan Jegon Zulai

Fitilar da ke damtsen Zulai ta koma ruwan ɗorawa, ta ɗan jima a haka, sannan ta dawo kore. A can saman benen Cibiyar Garkuwar Jiki ta Birnin Ƙorama, mijinta Dakta Tasi'u ya ga hakan a allon bangon ofishinsa, ya gyaɗa kai. Mai-sulhu ta yi aikinta.

Mai-sulhu na'ura ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ana dasa ta a ƙarƙashin fata, kuma shi ya ƙirƙiro ta. Garkuwar jikin mutum kamar 'yan sintirin unguwa ce, aikinta kama ɓarawo. Amma a jikin wasu sai 'yan sintirin su rikice, su hau masu gida da duka, gaɓoɓi su kumbura, fata ta yi ta ɓarkewa. Tasi'u ya lura cewa kafin rikicin ya tashi, ƙwayoyin jiki sukan zubo wani sinadari da ake kira furotin ƙunci, wanda suke fitarwa duk lokacin da suka sha wuya. Mai-sulhu tana jin ƙaruwarsa a cikin jini, sai ta tayar da ƙwayoyin da ke tsawata wa garkuwa, su ce mata ta kwanta. Ba allura, ba ƙwaya, ba layin asibiti.

Don Zulai ya yi ta, kowa ya sani. Lokacin da ya aure ta ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Yanzu ita ke murza wa maƙwabta dambu, kuma dubban mutane a birnin suna yawo da koriyar fitila a damtse suna sa masa albarka. Shi ma, a gaskiya, kan ya ɗan kumbura.

Matsalar ita ce zafi ma yana sa jiki ya zubo furotin ƙunci. Wannan bai ɓuya masa ba. Ya bi masu gashin burodi har bakin tanda, ya hau rufi wajen masu goge faranten sola, ya auna masu azumi a tsakiyar bazara, duk don ya koya wa na'urar bambanta zafin rana da tashin ciwo. Wajen masu haihuwa kuwa sai ya ƙara mata kaifi, domin bayan haihuwa ne ciwon ya fi dawowa da ƙarfi.

Wata rana a taron cibiya abokiyar aikinsa Dakta Kulu ta tambaye shi ko ya auna masu wankan jego. Samarin ɗakin suka hau murmushi suna sunkuyar da kai. Tasi'u ya ce haba, a birnin da motoci ke tuƙa kansu wa ke dafa ruwa da ganye kuma, ya wuce magana ta gaba. Ƙarya yake, ya san ana yi. Abin da ya kasa shi ne ya zauna gaban mata sa'o'in mahaifiyarsa yana tambayar yadda ake watsa wa mai jego ruwa da inda ake watsawa. Mutumin da ya leƙa cikin ƙwayar jini, wai wannan ce ta fi ƙarfinsa!

Sai ga Zulai ta haifi 'ya mace, 'yar fari. Bayan suna aka kai ta wanka gidan mahaifiyarta, Inna Tabawa, a Tsohuwar Unguwa. Tasi'u ya yi abin da ake yaba wa ɗan mutunci. Bai ɗauki jaririyar a gaban mutane ba, bai yi zarya gidan surukai ba. In ya je, a zaure yake durƙusawa, idonsa a kan tabarma, su gaisa da Inna ta bayan labule ya tashi. Ai yana da allo, me zai je nema?

Allon kuwa bai ɓoye masa komai ba. Kullum da safe furotin ƙunci sai ya yi tsalle a jinin Zulai, da yamma ya sake. Ba hawa a hankali irin na mai aiki a rana ba, tashi ɗaya, jiki duka, sak yadda ciwon ke farawa. Duk tsalle, Mai-sulhu sai ta danne garkuwa, kuma kowace rana tana ƙara nauyin hannu, tunda a ganinta ciwon ya ƙi jin magana. Ciwo ba ya bin agogo haka. Tasi'u ya fi kowa sanin wannan, kuma can ƙasan ransa ya san abin da ake yi wa mai jego safe da yamma.

Ya kira Inna Tabawa. Suka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi mai jego, ta ce lafiya lau. Tambayar wankan da ta sa ya kira kuwa bai yi ta ba. Ya ce dama gaisuwa ce, Allah ya ƙara girma. Ya kira Zulai, ta ce ba komai sai kasala da barci. Ya yi ƙasa da murya ya ce ko akwai abin da ake yi mata da safe.

"Kai Dakta," ta ce tana 'yar dariya, "Inna na kusa fa."

Ya ajiye wayar. Ya dubi allon, fitila kore ce. Ya ce wa kansa in ta yi arba'in ta dawo sai su yi maganar a ɗaki.

A can Tsohuwar Unguwa, Inna Tabawa ma tana ganin nata. Tukunyar sola tana tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ita kuma tana watsa wa 'yarta kamar yadda aka yi mata ita ma. Ta lura Zulai na ɗashewa, ta kuma ji wani wari da bai kwanta mata ba. Amma in ta taɓa goshi sai ta ji shi sanyi ƙalau, ba zazzaɓi, ba ciwon mara. Ta ina za ta san cewa zazzaɓin ma ihun garkuwa ne, kuma an toshe mata baki? Ga fitilar surukinta likita tana nan kore. Ko da ta yi niyyar faɗa masa, da wane bakin za ta kwatanta wa mijin 'yarta inda warin ke fitowa? Sai ta ƙara wa ruwan zafi, ko zai kore abin.

Wata safiya Zulai ta yanke jiki ta faɗi a makewayi. Har motar asibiti ta iso fitilar ba ta canza launi ba.

Dakta Kulu ce ta fito ta same shi a barandar asibiti da rana tsaka. Ba ta tuna masa taron nan ba, kuma da ma ta tuna masa da ya fi sauƙi. Ta ce ƙwayar cuta ta shiga ta raunin haihuwa ta yi ta ci ba mai tare ta. An ceci ran Zulai, amma sai da aka cire mahaifa. An ciro Mai-sulhu daga damtsenta. Kuma akwai wasu masu jego a ɗakin da irin wannan, ɗaya ma ta rasu.

Kafin la'asar cibiya ta kashe duk wata Mai-sulhu da ke birnin. Mutanen da suka manta da ciwon gaɓoɓi suka fara jin sa yana dawowa. Shugaban cibiya ya kira Tasi'u ya ce kada ya damu, sanarwa a shirye take, za a ce tsohuwar al'adar dafa masu jego ce ta jawo. Allunan kan titi ma har sun fara faɗin haka. Abin da ake so gare shi kawai ya yi shiru, kuma wallahi a nan gwani ne.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka bar shi ya shiga wurinta. Zulai na jingine da filo, yatsunta sun fara kumbura irin na da. Inna Tabawa na zaune a ƙasa da jaririya a cinya, ta rame kamar ita aka yi wa aikin. Tana ganinsa ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Ba gaisuwa ta yi ba. Cewa ta yi ita ta dafa 'yarta da hannunta, duk gari na faɗa, ya yafe mata.

Tasi'u ya durƙusa. Tun da ya auri Zulai bai taɓa sanin kamannin idon matar nan ba. Ya ɗaga kai.

"Inna, ba ruwanku ba ne. An yi wa dubu wanka kafin ita ba abin da ya same su. Na'urata ce. An ce in tambaye ku yadda ake yi tun kafin a dasa wa kowa, na ji kunya."

Zulai ce ta yi magana, a hankali, ba tare da ta dube shi ba.

"Ka gani a allon naka?"

"Na gani."

"Kullum?"

"Safe da yamma."

Ta lumshe ido. Da ta zage shi da ya samu abin riƙewa. Kunyar da ya yi ta tattali shekara da shekaru, wadda ake yaba masa a kanta, ta tashi ta bar shi da wata iri mai nauyi, wadda ba a sunkuyar da kai a wuce ta. Ya koya wa ƙarfe jin kukan ƙwayar da ido ba ya gani, ga shi nan durƙushe gaban mata biyu da bai iya yi musu tambaya ɗaya ba. Gobe zai je cibiya ya faɗi haka a gaban kowa, kuma ya san ba zai dawo wa Zulai da komai ba.

Jaririyar ta farka da kuka. Inna ta miƙe ta ɗora ta a ƙirjin uwarta. Zulai ta kai hannu ga maɓallin rigar asibiti, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ta sake gwadawa, maɓallin ya suɓuce. A da, nan ne Tasi'u zai tashi ya fita, ko Inna ta ce bari ta duba wani abu a waje. Ba wanda ya motsa.

Ya matso ya ɓalle mata maɓallin, surukarsa na tsaye a gefensa tana tallafe da kan 'yar da ba za a yi wa ƙane ba.