Auta Mai Hawan Bene

"Ki gaya mini gaskiya, Auta. Wa ya ce kin yi ƙiba?"

Mama ce, uwar mijinta, ta tare ta a gindin matattakala, hannu ɗaya a ƙugu. Tare suke zaune a hawan ƙasa na wani dogon gida mai hawa shida.

"Ba wanda ya ce, Mama."

"To me kike nema a saman benen mutane kullum safiya? Ajiya kika ba tantabaru? Dubi wuyanki kamar mariƙin lema. Mace ta fito daga abin da kika fito, wata huɗu kacal, sai ta kama hawa da sauka kamar guga a rijiya?"

Auta ta tsaya tana kallon bakin Mama yana motsi. Ta san faɗa ake mata, ta san ya kamata ta ji kunya ko haushi. Ta laluba cikin ranta, ba ta sami ko ɗaya ba.

"Na kira yayarki," in ji Mama, muryarta ta ɗan sauka. "Jibi za ta zo ta tafi da ke gida ki huta. Mijinki ma ya yarda."

"To, Mama."

Ta san irin wannan hutun. Mace takan tafi da jaka ɗaya, bayan wata biyu a aika mata da sauran kayanta.

Wata huɗu da suka wuce, cikinta na wata takwas, likita ta ɗora abin saurare a kan cikin. Ta matsa nan, ta matsa can, ta daɗe, sannan ta cire gilashinta ta yi ta goge shi alhali ba datti. Yaron ya zo ba rai. Mutane suka yi ta zuwa suna kuka a kafaɗar Auta, ita kuma tana ba su haƙuri. Hawaye bai zo mata ba. Ta koma kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta, ko an tsunkula ba ta ji.

Hawan benen kuwa ba da niyya ta fara shi ba. Wata rana ta yi wanki, igiyar tsakar gida ta cika da shanyar maƙwabta, sai ta ɗauki bokiti ta nufi rufin gidan. A hawa na uku cinyoyinta suka fara zafi. A na biyar ta jingina da bango, ta ji wani abu yana bugawa a cikinta, dum, dum, har cikin kunne. Ta ajiye bokitin ta tsaya saurare. Ranar ta iya wanke kwanuka, ta amsa gaisuwar mai kanti, har ta lura akwai wata tantabara mai ƙafa ɗaya a kan tankin ruwa.

Washegari ta hau ba bokiti. Daga nan ya zama kullum, sau uku, sannan sau biyar.

Mijinta tela ne, shagonsa na ƙofar gida. Lokacin da take da ciki, kowane wata sai ya kwashi rigunanta ya buɗe su, yana taka keke yana fito. Yakan ce, "Wannan yaron zai tsiyata ni a zare tun bai zo ba."

Yanzu rigunan zamewa suke daga kafaɗarta. Wata safiya ta ninke guda uku ta ajiye masa a kan keken ba tare da ta ce komai ba. Tun daga ranar magana ta ƙare tsakaninsu, sai ina kwana da sai da safe. Ba ta tambayi dalili ba. Ko tambayar ma sai da ƙarfi ake yin ta.

Ranar da Mama ta faɗa, Yaya ta iso da hantsi. Ita da Mama suka zauna a falo suna gaisuwa mai tsawo, kowacce tana kauce wa abin da ya kawo su. Jakar Auta na bakin ƙofa, ƙarar keken Tela na shigowa ta taga.

"Bari in hau sau ɗaya, Yaya."

"Ki hau ina?"

"Kin gani ko?" in ji Mama. "Abin da nake gaya miki ke nan."

Auta ta fita. Ta wuce hawa na ɗaya inda kullum rediyo ke magana shi kaɗai, ta wuce na biyu mai wata ƙofa mai kwaɗo uku wadda ba ta taɓa ganin an buɗe ba. Tana cikin na uku ta lura ƙarar keken ta tsaya. Can sai ta ji taku a bayanta, mai nauyi, da haki.

"Tsaya... Auta... don Allah tsaya."

A kwanar hawa na huɗu ya cim mata, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya zube a kan matattakala yana maida numfashi.

"Mutumin da ke taka keke wuni guda," ta ce, "hawa huɗu ya kayar da shi."

"A zaune nake takawa."

Ta zauna sama da shi da taki biyu. Daga wani gida ƙamshin albasa na fitowa.

"Ba zan rage rigunan nan ba," ya ce, bai kalle ta ba. "Ki kai wa wani telan in kin je gida."

"To."

"To? Shi ke nan abin da za ki ce?" Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Ni na buɗe su, Auta. Yatsa biyu, yatsa uku, yatsa huɗu... A ɗinkin nan kaɗai na san girmansa. Ban ɗauke shi ba, ban ga idonsa ba. Ke kuma kullum kina nan kina zubar da ɗan abin da ya bari a jikinki, kamar ba a taɓa yinsa ba. Sannan ki kawo mini in ɗinke sauran da hannuna."

Ta dube shi.

"Abin da ke ranka ke nan duk kwanakin nan?"

"Me zan ɗauka?"

"Ban ma san na rame ba sai da riga ta faɗo mini a gaban mai kanti. Ba don jiki nake yi ba, Telana." Rabon da ta kira shi haka har ta manta. "Tun ranar asibiti cikina shiru yake, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. In na hau nan sai in ji bugu. Na san tawa zuciyar ce, ba tasa ba... amma dai wani abu ne. Shi yake kai ni yamma. Ran da ban hau ba, ko tashi daga gado ba na iyawa."

Ya sunkuyar da kai, yana naɗe tef ɗin a yatsa yana warwarewa.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai me ya hana ka tambaya?"

"Tsoro nake ji ki ce e."

Wata mata ta sauko da kwandon shara, ta raɓa su tana satar kallo. Suka gaishe ta tare, ta wuce.

"Jiya na ɗinke wa wani mutum ƙafar wando," ya ce. "Duka biyun. Ya sa ƙafa ya ji bango. Ban ma iya ba shi haƙuri ba, tsayawa na yi ina kallonsa."

Bakinta ya ɗan motsa, bai kai murmushi ba.

"Rabin raina... har yanzu kina sona?"

"Ban sani ba. Ba zan maka ƙarya ba, ba na jin komai sosai. Ko yunwa sai an tuna mini." Ta dubi tafin hannunta. "Amma da na ji takunka a bayana, ban so ka koma ba. Wannan na tabbata."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ta sauko taki biyun ta zauna kusa da shi. Nata idon a bushe yake, amma ta ɗora hannu a bayansa ta bar shi a wurin.

"Mama fa?" ta ce bayan ya lafa. "Ka riga ka amsa mata."

"Tsoro take ji kada ki faɗi a hannunta, shi ne ya fito mata a faɗa. Zan yi mata magana. In ta ƙi ji yau, za ta ji gobe. Uwata ce, na san ta." Ya share fuska da bakin rigarsa. "Ƙarfe nawa kike farawa?"

"Bakwai."

"Ba a ragi?"

"Ba a ragi."

Sai ga muryar Yaya daga can ƙasa, tana hawowa ta tsakiyar matattakalar.

"Auta! Mai mota na jira. Za ki sauko ne ko in tafi?"

Tela ya miƙe da ƙyar, ya riƙe ƙarfen matattakala ya leƙa ƙasa.

"Yaya, ki yi haƙuri, a mayar da jakar ɗaki. Ki gaida mutan gida."

"Kai kuma me kake yi a can?"

"Saura mana hawa biyu."

Ya miƙo wa Auta hannu. Ta kama, ita ce a gaba, tana jan sa a hankali.