Ƙamshin Humra a Gilashin Jirgi

"Ba na ganin komai, Yaya Haris."

"Ki ɗan dakata, jirgin bai gama tashi ba."

"Na ce maka ba na gani!"

Zuhaira tana zaune a gindin wata aduwa a bayan garin Tanout, tabaraunta a kan cinya, fuskarta rufe da gilashin jirgi, abin nan da ake ɗaurawa a ido mutum ya riƙa ganin duk abin da kyamarar dron, ƙaramin jirgin nan marar matuƙi, take gani kamar shi ne tsuntsun. Ba yau ta fara sa shi ba. Kullum tana ɗaurawa gonakin hatsi suke fitowa tar, har raƙuman bakin rijiya takan rarrabe fari da ja. Yau kuwa duniyar ta dame kamar kunu.

Sai ƙamshin ya daki hancinta.

Humra... Ba ta kasuwa ba, haɗin Barebari ce mai nauyi, kuma mutum ɗaya ta sani da ke shafa irinta.

Ta fizge gilashin, ta mayar da tabaraunta, ta juya shi. A ƙasansa akwai ƴan ƙafafu biyu da ake murzawa a daidaita shi da ƙarfin idon mai kallo. Da hannunta ta ɗiga musu jan farce ranar da aka saita su da nata idon. Ɗigon ya gusa. A jikin soson da ke taɓa fuska kuwa ga baƙin kwalli kwance.

Ita ba ta sa kwalli. Likita ya hana ta tun tana ƙarama.

"Wa ya sa shi?"

Haris yana tsaye, nasa tsohon gilashin a fuska, yatsunsa a kan sandunan tuƙi. Ba ya ganinta. Duk wanda ya ɗaura abin nan yakan ga ƙarshen daji, amma makaho ne ga wanda ke gefensa.

"Babu kowa, hasken idona. Girgizar moto ce, kin san babur a hanyar Ollelewa, ita ta..."

"Motonka kwalli yake sawa?"

Can sama jirgin ya yi tangaɗi.

"Zuzu, wallahi..."

"Kada ka rantse! Kai da bakinka ka ce mini ƙafafun nan ba sa motsi sai an murza."

Kafin ya sauke jirgin ya cire gilashinsa, ta ajiye nata a kan jakarsa ta kama hanyar gari.

* * *

Tun a lakwal, makarantar boko, yara suke kiranta Ido Huɗu. In ta cire tabarau, ko fuskar mahaifiyarta ba ta ganewa daga ƙofar ɗaki. Har ta girma ta zama malama a lakwal ɗin, samari suna zuwa suna komawa, ba wanda bai ce mata, "Ki cire shi mana, kin fi kyau haka," ba.

Haris ne bai faɗa ba. Sana'arsa ɗaukar biki da dron, wani lokaci kuma makiyaya su ɗauke shi ya nemo musu dabbar da ta ɓace a dajin Belbeji. Ranar farko da ya ba ta tsohon gilashinsa, mai kama da akwati, ya ƙi shiga saboda tabarau. Da ta cire tabarau kuma ba ta ga komai ba. Ta yi dariya ta ce, "Bar shi, ni dama sama ba rabona ba ce."

Bai yi dariya ba. Ya tafi Damagaram, shagon da ake sayar da irin gilashin.

Mai shagon ya baje masa kala-kala. Akwai wanda ake zura wayar salula a ciki, mai araha, amma hoton yana makara har ya sa jiri. Akwai wani marar nauyi da ya zauna masa a fuska ɗas, ba ya shigar da hasken rana, irin wanda ya daɗe yana mafarki. Ya riƙe shi ya fi a ƙirga. Sannan ya ajiye, ya ce a ba shi mai ƙafafun murzawa, wanda mai raunin ido zai sa ba tare da tabarau ba. Shi ya ci gaba da fama da tsohon akwatinsa.

Ranar da ta fara ganin Tanout daga sama da tsirarin idonta, kuka ta yi.

"Wannan naki ne, sahibata," in ji shi. "Ba idon da zai shiga cikinsa sai naki."

Mahaifinta, Malam Yahuza mai kanwa da gishirin Balma, shi ne ya ƙi maganar aurensu. Mutum ne mai yawan fargaba, ko tari Zuhaira ta yi sai ya kasa cin abinci, ita kaɗai Allah ya bar masa. Ga matarsa Inna Ladi kwance, ɓarin jikinta ya shanye.

"Ɗana," ya ce wa Haris a zaure, "mu katanga muka sani. Gidajenmu ba rufi, iyalinmu a tsakar gida suke kwana suke wanka. Kakanninmu sun gina katanga ne don mai tafiya a ƙasa. Kai kuwa ta sama kake bi. Ina sirri?"

"Baba, na yi maka alkawari tsakanina da Allah, jirgina ba zai bi ta saman gidan kowa ba. Balle naka."

Malam Yahuza ya daɗe yana jan carbi.

"Wanda ya saba kallon mutane daga sama, ƙanana yake ganinsu. Abin da nake tsoro ke nan."

Amma Zuhaira ta rame, ya kasa jurewa. Ya ce iyayen yaron su zo bayan girbi.

* * *

Tun daga zaure ta sake jin humrar.

Radiya ce zaune a kan kujera ƴar tsugunno, ɗiyar Gwaggo Hauwa ta Belbeji, wadda ta zo bikin ƙawarta ta ƙi komawa. Tun lokacin da Haris ya nemo wa mahaifinta raƙuma idonta yake kansa, kowa ya sani. Inna tana kwance a tabarma. Malam Yahuza kuwa yana rakuɓe a jikin rumbu, a lokacin da ya kamata a ce yana kasuwa.

"Ga Ido Huɗu! Taubashiya, kin dawo daga kallon sama?" Radiya ta juya tana murmushi. "Kawu, sannu da aiki. Yaya kafaɗa? Ai na ce wa Mama in ta rasa mai daka ta aiko a ɗauke ka."

Malam Yahuza bai ɗago kai ba.

"Wane daka?" in ji Zuhaira.

"Au! Ba ki sani ba? Duk kasuwa ta sani. Yau ma an rataya masa ƴar taɓaryar wasan yara a rumfa, suna ta kiran Yahuza mai lugude." Ta gyara gyale. "Da idona na gani. Ranar bikin nan na ce wa Haris ya ara mini gilashinki, ya nuna mini gidan Kawuna daga sama in ga ko kin share tsakar gida. Sai ga Kawu ya tuɓe riga yana ta dum! dum! Kai, na yi dariya har cikina ya ƙulle."

Zuhaira ta watsa mata harara.

"Haba, wasa ne na taubasai."

"Ni ce taubashiyarki, Radiya. Baba ba abokin wasanki ba ne. Tashi ki fita."

"A gidan Kawuna?"

"Fita!"

Da ƙarar takalminta ta ɓace, Zuhaira ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta kama hannunsa ta juya. Tafin duk kanta, wani wurin ya fashe ya warke.

"Baba... ka ce mini Hafsat maƙwabciya ce take daka furar Inna."

"Ta gaji, ɗiyata. Ba laifinta ba ne, tana da nata ƴaƴan." Ya janye hannunsa. "Innarki ba ta iya haɗiyar ta inji, kin sani. In na faɗa miki, barin lakwal za ki yi. To sai in dawo da hantsi in sa sakata. Tun tana amarya take daka mini, don na daka mata me ya ragu a jikina?"

"To me ya hana ka kasuwa?"

Ya dubi tabarmar Inna, ya rage murya.

"Dariyarsu ba ta dame ni ba sosai. Ranar nan na fito da ita ta sha hantsi ne. Zane ɗaya ne a jikinta, kanta ba ɗankwali. Abin da yarinyar nan ta gani, shi ma ya gani, ko ba haka abin yake ba?"

Haka yake. Hoto ɗaya ne yake zuwa gilashi biyun.

"Washegari ya zo ya gaishe ni a zauren nan," in ji Malam Yahuza. "Har ya ce yaya jikin Inna."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Inna Ladi, ta gefen da ba ya motsi.

* * *

Bayan la'asar ta washegari Haris ya yi sallama. Idonsa ya yi ja. Gilashin yana hannunsa, ya cire tsohon soson ya sa sabo, ya mayar da ɗigon jan farcen daidai inda yake.

"Zuzu, ki dube shi. Kamar ba a taɓa ba."

"Amma an taɓa."

"Radiya ce ta matsa mini a gaban mutane, ana ta dariya, na ga ƙanwarki ce. Ko ƙiftawar ido jirgin bai yi a saman gidan ba, ina gani na juya shi. Ban ɗauki hoto ba, ban faɗa wa kowa ba. Wallahi ban san za ta yaɗa ba!"

"Ka ga Inna?"

Ya sunkuyar da kai yana juya gilashin a hannunsa.

"Yaya Haris, ka ga Innata?"

"Na gani."

"Da ka zo ka faɗa mini a ranar, da na yi fushi, da na yi kuka, wataƙila da na haƙura. Amma ka ɗaura mini shi a fuska da kwallinta a jiki, ka ce girgizar moto ce."

"Tsoron rasa ki ne, rabin raina..."

Malam Yahuza ya fito daga cikin gida, ya tsaya a bakin zaure. Haris ya zube ƙasa.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, ɗana. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya juya ga ɗiyarsa, fuskarsa cike da fargabar nan tasa. "Zuhaira, kada ki duba ni. Ni na tsufa, surutun kasuwa kwana nawa ne? In zuciyarki tana wurinsa, iyayensa su zo yadda aka shirya. Ba na son ki sake ramewa."

Nan ne kukan ya ƙwace mata. Mutumin da aka tozarta shi ne yake roƙa wa wanda ya buɗe ƙofar.

Tana sonsa. Ko a lokacin tana sonsa. Ta karɓi gilashin, ta shafa sabon soson, ta tuna ranar da ta ga raƙuma fari da ja. Sannan ta sa babban yatsa ta murza ƙafafun biyu har ƙarshe, ta miƙa masa.

"Ungo. Yanzu ya zama na kowa."

"Zuzu, don Allah..."

"Kai ka fara nuna mini nesa, ba zan manta ba. Amma duk ranar da na ji ƙarar jirginka a sama, da ɗankwali zan ruga in rufe Inna. Ba zan iya auren mutumin da nake ɓoye masa uwata ba."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ta ji tashin motonsa.

Kafin damina ta zagayo labari ya zo daga Belbeji cewa an sa ranarsa da Radiya. Zuhaira ta rame, kamar yadda mahaifinta ya ji tsoro, shi kuma ya bi ta ya rame.

Wata safiya da ba lakwal, ta fito ta tarar ya jawo turmi tsakiyar gida, ya zuba hatsi. Ƙofar zaure a buɗe take wangwam, masu wucewa suna leƙe.

"Baba, ba ka sa sakata ba."

"Bar ta. Me ya rage da ba su gani ba?"

Ta gyara wa Inna ɗankwali, ta cire tabaraunta don kada zufa ta ɓata shi, ta ɗauko taɓarya ta biyu. Shi ya saka, ita ta saka. Dum... dum... dum.

Can nesa, wajen filin biki, wani zuuu ya taso kamar na ƙudan zuma. Malam Yahuza ya tsaya, ya saci kallonta.

Ba ta ɗaga kai ba.

"Saka mana, Baba," in ji ta. "Inna tana jin yunwa."