Kwana Biyar a Birnin Ruwa

Da hantsin wata Lahadi, cikin Agustan 2018, aka shigar da ƙarar sata a wani ofishin 'yan sanda da ke ɓangaren Deira a birnin Dubai. Da aka ji masu ƙarar 'yan Kano ne, sai aka tura fayil ɗin teburin Insifekta Sanda. Shi Bahaushen Sudan ne, shekararsa goma sha tara yana aiki a Dubai, kuma duk rigimar da rantsuwa ta yi yawa a cikinta shi ake jibga wa.

Mai ƙarar, Injiniya Salmanu, yana zaune a Al Qusais da matarsa Wasila. Sun je Venis ta ƙasar Italiya yawon buɗe ido, sun dawo sun tarar an ɓalle durowar ɗakinsu. Abin da ya ɓata ma ba nasu ba ne. Wata 'yar kasuwa, Hajiya Turai, ta ba su ajiyar saitin gwal, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro shida, kafin ta dawo daga Kano.

"Wa kuka bar wa makulli?" in ji Sanda.

"Ƙanena, Sabo," Salmanu ya amsa, kansa a ƙasa. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka ɗauko Sabo daga sito ɗin kamfanin jigilar kaya da yake dako a Al Warsan. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya huɗu a Kano.

"Yallaɓai, wallahi ko ƙofar ban taɓa ba."

Sanda ya juya masa kwamfuta. Kyamarar benen ta nuna shi yana shiga fulat ɗin har sau uku.

Sabo ya kawar da ido daga kwamfutar. "Mu takwas ne a ɗakinmu, iyakwandishan ya mutu. Barcin rana kawai na je yi. Kunyar Yaya ce ta sa na ɓoye."

Aka tsare shi. In har laifin ya tabbata a kansa, ɗauri ne, daga nan a soke bizarsa a sa shi a jirgi. Sanda ya gaya masa haka ba tare da kwana-kwana ba, don shi ba ya rarrashin wanda ya fara masa da ƙarya.

Bayan azahar ya je fulat ɗin. A falo ya ga kofunan shayi uku sun bushe, da faranti mai guntun burodi. Wasila ta nuna masa su da ɗan yatsa.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe? Ban taɓa komai ba, don ku gani da idonku."

A ɗaki an ɓalle durowar, katakon ya tsage. Sanda ya durƙusa ya shafa ƙasa. Tas take, ko ɓurɓushin katako babu. Mutumin da ya kasa wanke kofi uku, yaushe zai yi sata ya tsaya shara? Ya dawo falo ya zauna kamar baƙon da ya zo barka da zuwa.

"Injiniya, yaya garin? Ban taɓa zuwa ba."

Nan Salmanu ya manta da baƙin ciki na ɗan lokaci. Wanda ya fara fita irin wannan yawo ba a roƙonsa labari.

"Yallaɓai, gari ne a cikin ruwa tsundum! Babu mota ko ɗaya. Bas ɗinsu jirgin ruwa ne, motar asibiti ma jirgi ce. Lungunan kuwa sun fi na cikin Birnin Kano matsi, ka bi wani ka ɓulle bakin ruwa, kalas, hanya ta ƙare, sai ka juyo. Ranar farko awa biyu muna neman otal ɗinmu, ashe sau huɗu muna wuce ƙofarsa. Ga wani fili mai tattabaru kamar an zuba gero. Alƙibla ma sai da waya na samo ta."

"Kullum tare kuke fita?"

"Kullum. Sai dai rana ta uku ƙafata ta kumbura, na kwanta. Ita ta caɓa ado ta ce za ta je babbar gadar garin ta ɗauki hoto. Ba ta dawo ba sai la'asar, idonta jajir. Ta ce ɓata ta yi."

"Me ta saka?"

"Leshi kore, da ɗauri. Har na ce mata biki ake a gadar?"

Sanda ya nemi wayar Wasila. Hotuna sun fi ɗari uku. Ga ta a kwale-kwale, ga ta tana shan askirim a gindin wata tsohuwar majami'a, ga ta da tattabara a kafaɗa. Na rana ta uku kuwa guda biyu ne kacal, duk na ruwa da gine-gine.

"Ina hoton koren leshin?"

"Ban samu mai ɗaukata ba."

Sanda ya miƙa mata wayar. A saninsa, mace ba ta jan leshi da ɗauri daga Dubai har Italiya ta dawo ba hoto. Kuma ba ta ɗaukar irin wannan hoto don ta ajiye, sai don a gani.

"Wace ce aminiyarki a nan?"

"Asama'u. Tana da shagon abaya a Al Rigga."

Asama'u mace ce mai faran-faran. Sanda bai ambaci sata ba, ya ce dai yana tabbatar da ranakun tafiyar ne.

"Ai ni ta fara turo wa!" in ji ta, tana lalubar waya. "Habibti, ƙawar tawa, ta ƙure ado. Har na tura wa 'yan ajinmu na Kano, aka yi ta masha Allah. Daga baya ta ce in goge, na ce wane ni."

Ga Wasila a kan gada, cikin koren leshi, tana murmushi. Sarƙa ta cika mata ƙirji, awarwaro uku-uku a kowane hannu.

Washegari Hajiya Turai ta sauka daga Kano. Sanda ya tara su a ofishinsa, aka fito da Sabo. Ya ajiye hoton a kan tebur.

Hajiya ta gyara tabarau. "Nawa ne. Ga ma ɗan kunnen da aka yi wa gyara."

Salmanu ya juya ya dubi matarsa.

"Malama Wasila," in ji Sanda, "ina gwal ɗin?"

Ta rushe da kuka. Sai da ta yi mai isarta sannan ta fara.

"Aro na yi, wallahi ba sata ba. Na ce in yi hoto ɗaya in mayar, wa zai sani? A jaka na fita da su, sai a gadar na saka. Da na gama na ji tsoron 'yan fizge, na cire na ƙulle su a haɓar mayafina, yadda Inna take ƙulle kuɗin cefane. Sai na ɓata. Duk lungun da na shiga kamar wanda na baro, duk gadar da na hau kamar ita ce. Na tambayi hanya, ba mai jin abin da nake faɗa. Zafi ya dame ni, na shiga jirgin ruwa na zauna a gefe ina fifita da mayafin. Da na sauka na shafa, ƙullin ya kwance."

"Kin nema?"

"Har la'asar. Na bi lungunan nan har ƙafata ta yi bororo. Ina jin ruwa suka faɗa."

"Durowar fa?"

"Ranar da muka dawo, da maigidana ya tafi masallaci, na sa wuƙa na ɓalle. Sai na share wurin, hannuna ne kawai ya saba."

"Kin san ƙanen mijinki zai kwana a rufe?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sani."

Sabo ya daɗe yana kallonta. "Anti, ni nake ɗauko miki gas a kafaɗa har hawa na huɗu," ya ce.

Sanda ya sa hannu a takardar sakinsa. Sannan ya rubuta wa Wasila laifi biyu, cin amana da shigar da ƙarar ƙarya, ya kira wata 'yar sanda.

"Yalla, mu je," in ji ta, ta kama hannun Wasila.

Sun kai bakin ƙofa Hajiya Turai ta yi magana. Ba faɗa a muryarta, sai gajiya.

"Wasila, ni na yi miki jere ranar aurenki. Da kin buɗe baki kin ce Hajiya ara mini, wallahi da na ara miki. Da ya faɗa ruwa, sai in ce Allah ya mayar da alheri."

Wasila ta tsaya kamar za ta juyo. 'Yar sandan ta ja ta suka fita.