Auta da Tallar Shagon Kaka

A ƙarshen titinsu Auta akwai wani ɗan shago mai koren ƙyaure. Shagon kakanta ne, mai gyaran agogo. Wanda bai shiga shagon nan ba a wancan lokaci, gaskiya ya yi rashi. Agoguna ne ko'ina a jikin bango, manya da ƙanana, kowanne yana ƙas-ƙas ɗinsa, kuma ba a taɓa samun biyu da suka yarda da juna a kan lokaci ba.

Kullum in an tashi daga makaranta, nan Auta take zuwa. Sai ta haye benci, ta zuba wa Kaka ido yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki.

"Da can, layi ake yi a ƙofar nan," in ji Kaka. "Ko ruwa ba na samun sha. Yanzu kuwa kowa sai ya zaro waya ya duba lokaci."

Wata rana ta ji yana gaya wa Baba cewa in watan ya ƙare babu aiki, zai rufe shagon. Ranar ko abincin kirki Auta ba ta ci ba.

Yayarta, wadda take karatun kwamfuta, ita ta kawo shawara. Ta ɗauki hoton Kaka a bakin aikinsa, ta kwashe ɗan abin da take tarawa, ta sa masa talla a intanet. Duk wanda ya nemi mai gyaran agogo zai gani.

"Yaya, ta yaya za a san tallar tana aiki?" Auta ta tambaya.

"In mutane suna danna ta mana. Amma fa..."

Kafin Yaya ta ƙarasa, Auta ta yi waje da gudu. Halinta ke nan, rabin magana ya ishe ta.

Washegari da aka fita hutun tara, ta shige ɗakin kwamfuta na makaranta. Ta nemo tallar, sai ga Kaka da tabaransa a kan hanci. Ta danna. Ta koma baya, ta sake dannawa.

"Ke, me kike yi?" ƙawarta ta tambaya.

"Kakana nake taimako. Ku zo ku taya ni!"

Nan da nan 'yan ajinsu suka cika ɗakin. Kowa ya kama kwamfuta, aka shiga gasar wanda zai fi dannawa. Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki. Auta sai tafiya take tana ɗaga kai, ita a dole ta ceci shago.

Ran nan ta nemi tallar sama da ƙasa, babu ita. Da ta koma gida, ta tarar da Yaya ta yi tagumi a gaban kwamfuta. Baba da Kaka suna tsaye a kanta.

"Kamfanin talla ya dakatar da mu," in ji Yaya. "Duk dannawa ɗaya sai an cire kuɗi. Ga shi sun kusa ƙarewa, kuma ko mutum ɗaya bai kira ba. Sun ce dannawar ta ƙarya ce."

"Su ta yaya suka gane?" in ji Baba.

"Duba nan, Baba. Duk daga wuri ɗaya take fitowa, a lokaci ɗaya kuma. Mai neman gyara da gaske yakan tsaya ya karanta inda shago yake. Waɗannan kuwa suna shiga suna fita."

Ran Baba ya ɓaci. "Ba kowa ba ne, mai sayar da agogon nan ne na bakin kasuwa. So yake ya karya mu. Bari in je in same shi."

Ya fara neman takalminsa. Mutumin nan bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma kullum Auta ta wuce sai ya ce ta gaishe da Kaka.

"Baba, kada ka je," in ji Auta. "Ni ce. Ni da 'yan ajinmu. Na zaci in an danna da yawa, mutane za su zo."

Sai hawaye shar a fuskarta.

"Haba Auta!" in ji Yaya. "Da kin tsaya na gama magana, ai da kin ji."

Kaka ya jawo ta jikinsa. "To share hawayen. Ni dai yau na san ina da masoya aji guda, sai dai babu mai agogo a cikinsu."

Har Baba sai da ya yi dariya, ya ajiye takalmin.

Da safe Auta ta je wurin malamarsu, ta faɗa mata komai. Ta tsaya a gaban aji ta ce kowa ya daina. Malama da Yaya suka yi wa kamfanin bayani. Da aka bincika aka ga gaskiya ne, aka mayar wa Yaya abin da dannawar ƙarya ta ci, tallar kuma ta dawo.

Ba a yi mako ba sai ga wata mata a ƙofar shago, rungume da babban agogon bango.

"Na mahaifiyata ne," ta ce. "Tun da ta rasu ya tsaya. A waya na ga tallarku."

Bayan kwana biyu agogon ya buga, matar ta yi ta sa albarka. Ita ta turo maƙwabcinta, shi kuma ya turo abokansa.

"Kin gani?" in ji Kaka. "Mutum ɗaya na gaskiya ya fi dannawar ƙarya komai yawanta. Ƙarya ba ta zama taimako don an yi ta da ƙauna. In za ki taimaki mutum, ki fara tambaya, ki kuma saurara har ƙarshe."

"Na ji, Kaka," in ji Auta. Wannan karon ta tsaya har ya gama.

Watan ya ƙare, ba a rufe shagon ba. A kan bencin nan Auta ta yi ta aikin gida har ta gama makaranta.