Shafin Da Ya Koɗe

Jar tawadar ta koɗe...

Auta, ma'aikaciyar ɗakin karatu, ta tsaya gaban akwatin gilashin da tsohon littafin ke ciki, makullinsa a hannunta.

Tsohon littafin na aro ne daga ɗakin karatun wata ƙasa, su ma an aika musu da na nan. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: kullum a buɗe sabon shafi, don haske na cin tawada. Ranar da aka kai shafin ƙarshe, littafin zai koma gida tare da mai rakiyarsa, wanda kowa ke kira Baƙo.

To Baƙon nan ya riga ya yi gaba da zuciyar Auta. Ita kuwa da wautar masoya, in ya juya shafi da safe ya fita, sai ta lallaɓa ta mayar da shi baya.

"Na gan ki fa," in ji sakatariya, wadda ta daɗe tana yi wa Baƙo kwalliya a banza. "Shugaba na kira."

Ta shiga ofis. Baƙo na tsaye, bai dube ta ba.

"Kin san abin da kika jawo?" Shugaba ya ce. "Masu littafin za su ɗauke abinsu, su dawo mana da namu, zumunci ya mutu!"

"Ranka ya daɗe, ni... tsoro nake ji ya tafi..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Laifina ne," Baƙo ya ce a hankali. "Lura da shafi aikina ne. Tun ranar farko na gane, na yi shiru. Kullum ina sake buɗe shafin jiya ina murna a raina."

Auta ta ɗago.

"Za su kore ka..."

"Sun kore ni ɗazu. Na kira su na ɗauki laifin, sun yarda musayar ta ci gaba."

Shugaba ya karɓe makullin daga hannunta ya nuna musu ƙofa.

A baranda ta tsaya, ta juyo ta dube shi.

"Yanzu ina za ka?"

"Wurin Yayanki, neman aurenki. Ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da ke jiran jirgi ba."

Ya matso kaɗan.

"Littafin zai tafi jibi, masoyiyata. Kujerata a jirgin za ta tafi babu kowa."